DUNIYA MAKARANTA: Tsakanin Akushin Yana Da Tsibirin Madera

Duk wanda ya shiga kasuwar Yana, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Shira ta Jihar Bauci, a lokacin kaka, ya bi layin 'yan hatsi har ya ɓulla rumfunan masu kayan miya, zai tarar da gero da dawa da wake jibge, ga gyaɗa da masara, ga rogo da dankali, ga kuma tulin barkono da kauɗar tumatir. Idan aka tambayi mai sayarwa asalin waɗannan kaya, ba shakka zai ce duk na gado ne, haka aka taso aka tarar kaka da kakanni. Ta wani fanni yana da gaskiya, domin kakansa ya noma su, kakan kakansa ma watakila ya noma. Amma fa fiye da rabin kayan nan baƙi ne, waɗanda shekara 600 da suka wuce babu ko ƙwaya ɗaya tasu a duk faɗin Afirka.

Wanda ya bi sawun waɗannan baƙi, sawun zai kai shi bakin teku, daga nan ya kai shi ga jiragen ruwan mutanen Fotugal, da wani ɗan tsibiri nasu mai suna Madera. Labarin tsibirin nan kuwa ya yi kama da na ƙasar Katagum ta wata fuska wadda ya kamata manoma da mahukunta su tsaya su duba da idon basira. Amma kafin a tsallaka teku, ya kyautu a fara da gida.

TUSHEN ƘASAR SHIRA

Ko da yake a Yana ofisoshin mulki suke a yau, sunan ƙasar na tsohon garin Shira ne, wanda ke kusa da ita a gindin duwatsu. A jikin duwatsun nan akwai zane-zanen shanu da mutane da aka yi da jan launi tun zamanin da ba a rubuta tarihinsa ba, har Gwamnatin Tarayya ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare. Zanen kansa shaida ne cewa kiwo ya daɗe ƙwarai a wannan wuri.

Kafin jihadi, Shira da Tashena da Auyo ƙananan masarautu ne 'yan'uwan juna, waɗanda ke bin Barno. Kowaccensu tana da harshenta, kuma masana harsuna sun ce dangin Badanci da Ngizimanci ne. A yau babu mai jin ko ɗaya daga cikin ukun, Hausa ta haɗiye su ƙurmus.

A farkon ƙarni na 19 Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci Shira da Tashena, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, shi ya sa ake kiran sarautarsa Sarkin Barno. Shi ne ya kafa garin Katagum a bakin kogi. A farkon 1824, zamanin Sarki Ɗankauwa, wasu Turawan Ingila biyu masu yawon bincike suka biyo ta nan daga Kukawa za su Kano. Ɗayansu, Dakta Udni, ya mutu a Murmur kusa da Katagum, ɗayan kuwa, watau Kilafaton, ya shiga birnin ya ga ganuwarsa da kasuwarsa. Ya rubuta cewa tun da ya baro Barno, inda ake ciniki da ƙyallen saƙi, a Katagum ya fara ganin ana saye da sayarwa da wuri. Turawan mulki sun kama ƙasar a 1903, daga baya aka mayar da fadar Sarki Azare, sa'an nan a 1926 aka haɗe ta da Lardin Bauci. Jihar Bauci kuwa an ƙirƙiro ta a 1976.

ABIN DA AKA GADA

Ashe ke nan ruwa uku ne suka haɗu a ƙasar nan, na mutanen farko, da na Barebari, da na Fulani, Hausa kuma ta zama kwaryar da aka dama su a ciki. Ana ganin haka a hawan salla na Azare, da shaɗin samarin Fulani, da kokawa da damben da ake yi bayan an kawar da amfanin gona. Amma inda ya fi fitowa fili shi ne cikin akushi. Burabusko ya nuna maƙwabtaka da gabas. Fura da nono da kindirmo da man shanu sun nuna zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin manomi da makiyayi. Tarwaɗa da karfasa na kogin Jama'are sun nuna rabon masunta. Masa kuwa, an san Jihar Bauci da ita ko'ina a Nijeriya.

Ginshiƙin duk wannan shi ne gero da dawa, waɗanda a Afirka aka fara noma su shekaru dubbai da suka wuce. Tare da su akwai wake da gujjiya da kuɓewa da yakuwa, da kuma itatuwan da ba a sara a gona, watau kuka da ɗorawa da tsamiya. Daga ɗorawa ake samun kalwar daddawa, daga kuka ake samun miyar yau da kullum. Gero na iya nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, a jigawar da ba ta da ƙarfi, da ruwan da ba zai ishi masara ba, kuma idan aka zuba shi rumbu da zangarniyarsa sai ya shekara biyu ko uku bai lalace ba. Wannan ne dalilin da ya sa magidanta na da ke auna arzikin mutum da yawan daminsa.

Al'adun aure da haihuwa su ma a kan wannan ginshiƙi aka gina su. Mai jego kunun kanwa ake dama mata. Amarya kuwa ana raka ta da gara, a ciki har da nakiya da alkaki, kayan zaƙin da ke yin watanni ba su ɓaci ba.

BAƘIN TUKUNYA

To, ina gyaɗa da rogo da dankali da barkono da tumatir da masara da gwanda da gwaiba suka fito? Dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne, ba su tsallako ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Mutanen Fotugal ne suka fi kowa yaɗa su a gaɓar Afirka, domin su ne Turawan farko da suka zagayo ta. Sun gina ganuwarsu ta Elmina a ƙasar Gana ta yau a 1482, sun isa Birnin Bini wajen 1485, sun sauka Burazil a 1500. Sunan Legas ma daga harshensu ya fito. Jiragensu kan ɗauko iri daga Burazil su sauke a tsibirin Sawo Tome da tashoshin bakin teku, daga nan fatake su yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu har ya iso Arewa. Bai kamata a manta ba cewa jiragen da suka kawo irin nan su ne ke komawa maƙare da bayi.

Ba duka ne suka biyo ta kudu ba. Sunan masara kansa yana nuni da Masar, abin da ya sa masana da yawa ke ganin wani irinta ta arewa ya shigo ƙasar Hausa, tare da ayarin Sahara da alhazai. Wurin da Kilafaton ya gani a kasuwar Katagum shi ma baƙo ne daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya. Tun farkon ƙarni na 16 mutanen Fotugal suka fara jigilarsa zuwa gaɓar Bini, sauran Turawa suka bi sahu, ya riƙa hawowa ta ƙasar Nufe. Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce.

Abin sha'awa shi ne yadda matan ƙasar nan suka mayar da baƙin nan 'yan gida. Sun matse gyaɗa sun fitar da mai, suka murza tunkuza ta zama ƙuli-ƙuli, suka daka shi a kwaɗon zogale da na rama. Sun haɗa garin rogo da na wake da kuka da kanwa suka yi ɗanwake. Mahauta kuwa suka gauraya ƙuli-ƙuli da barkono da citta da masoro suka yi yajin tsire da na kilishi. Yau wa zai yarda cewa an taɓa cin tsire a ƙasar Hausa ba barkono?

TSIBIRIN ITACE

Madera na cikin Tekun Atlantika, yamma da Maroko, kimanin kilomita 1,000 daga Lizbon, babban birnin Fotugal. Girman babban tsibirin bai kai murabba'in kilomita 750 ba, mutanen yankin kuwa wajen 250,000 ne. Matasan Yana masu kallon ƙwallo sun san ɗaya daga cikin 'ya'yansa, domin a Funshal, babban birninsa, aka haifi Cristiano Ronaldo a 1985.

Lokacin da matuƙan Fotugal suka sauka a 1419 ba su tarar da kowa ba sai kurmi, shi ya sa suka raɗa masa Madera, watau itace a harshensu. Wurin duk tsaunuka ne, ruwan sama ya fi yawa a arewacinsa, ƙasar noma kuma ta fi kyau a kudu. Saboda haka suka sassaƙa gangaren duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa kamar matakala, suka haƙa ƙananan magudanan ruwa da suke kira levada, masu zagaya tsauni su kai ruwa inda babu. Tsawon magudanan nan ya haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba, ana kuma raba ruwansu ne da awa, kowane manomi da lokacinsa, da ma'aikacin da ke tsaye a kan rabon.

Wanda ya saba da cimar Katagum ba zai yi baƙunta sosai a akushin Madera ba. Abincin bikinsu, espetada, gunduwa-gunduwar naman sa ne da ake shafa wa gishiri da tafarnuwa, a soke a tsinken wani itace mai ƙamshi a gasa a garwashi, watau tsire ke nan ba ƙuli. Abin da ake ci da shi, milho frito, tuwon masara ne da ake bari ya huce ya daskare, a yayyanka a soya, ɗan'uwan ɗumame. Burodinsu, bolo do caco, da garin alkama da dankali ake kwaɓa shi, a gasa a kan faffaɗan dutse, ya fito kamar gurasa. Suna cin gwaza, suna kuma soya wani baƙin kifi na can ƙarƙashin teku su haɗa da ayaba. Sai bolo de mel, wani baƙin abin zaƙi da ake yi da maɗin rake da kayan ƙamshi gab da Kirsimeti, wanda ke iya yin watanni bai ɓaci ba kamar nakiya, kuma a al'adarsu da hannu ake gutsura shi, ba a sa masa wuƙa. Masara da dankalin da ke cikin wannan cima, baƙin nan ne dai na Amurka da suka sauka a Yana.

SARAUTAR RAKE DA SARAUTAR GYAƊA

Maɗin raken da ke cikin bolo de mel shi ne ragowar wata babbar daula. Mutanen farko da suka zauna Madera alkama suka noma, har suna aika rara zuwa Fotugal. Sai aka kawo irin rake daga Sisili, aka kafa injin matsa mai aiki da ruwa a 1452. A wancan zamani sukari kayan sarakuna ne a Turai, saboda haka kowa ya watsar da alkama ya rungumi rake, aka kawo bayi daga tsibiran Kanari da gaɓar Afirka suna aikin. Kafin ƙarshen ƙarnin babu inda ya kai Madera sayar wa Turai sukari. Kolumbus kansa ya je sayen sukari can a 1478, ya kuma auri 'yar hakimin Porto Santo, ƙaramin tsibirin da ke kusa. Amma tsibirin da ya saba ciyar da wasu ya koma sayen hatsi daga waje.

Wajen 1506 abin ya kai ƙololuwa, daga nan sai gangara. Dafa ruwan rake na cin itace ba kaɗan ba, kurmin da ke kusa da injuna ya ƙare, ƙasa ta gaji. Ana cikin haka Sawo Tome, daga baya kuma Burazil, waɗanda daga Madera suka koyi sana'ar, suka cika kasuwa da sukari mai araha. Mutanen tsibirin suka koma noman inabi suna yin giyar da suke sayar wa Ingila da Amurka. A farkon shekarun 1850 wata cuta ta faɗa wa inabin, a 1872 wani ƙwaro ya cinye saiwarsa, ga shi kuwa tun a shekarun 1840 cutar dankalin Turawa ta jefa su cikin yunwa. Dubban mutane suka bar gida, wasu suka tafi Gayana da Hawai yankan raken wasu, daga baya wasu suka nufi Benezuwela da Afirka ta Kudu.

Dattawan Yana da Disina da Faggo ba sa bukatar a fassara musu wannan labari, domin sun ga irinsa da idonsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe sayen gyaɗa, ga kuma harajin da dole a biya shi da tsabar kuɗi. Gyaɗar da mata ke shukawa a gefen gona domin miya ta zama sarauniya. Jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, suka riƙa kwasarta daga ƙasar Katagum da Haɗeja da sauran wurare zuwa bakin dogo, aka tayar da dalar gyaɗa a Kano. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, ita ke yanka farashi. Cikin shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, kuma da kuɗinta aka yi yawancin ayyukan Jihar Arewa.

Sai fari ya sauka daga 1972 zuwa 1974, a 1975 kuma cutar kuturtar gyaɗa ta share gonaki. Ga kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Cikin 'yan shekaru dala ta ɓace, a 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona ɗungum. Wanda ya tsira da mutuncinsa a shekarun nan shi ne wanda bai yarda gyaɗa ta kori gero daga gonarsa ba.

Amma a lura da wani abu. Rake bai bar Madera ba, har yau ana nomansa kaɗan ana dafa maɗi. Gyaɗa ma ba ta bar Yana ba, tana nan cikin kunu da ƙuli-ƙuli da man da mata ke matsewa a cikin gida suna rufa wa kansu asiri. Abin da ya faɗi shi ne sarautar da kasuwar waje ta naɗa. Abin da ya shiga tukunya ya zauna daram. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to, baƙon da aka karɓa domin kuɗin wasu shi ne raɓar, wanda uwargida ta san yadda za ta sarrafa shi kuwa ya zama ɗan gari.

ABIN LURA

A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauci, Madera ta sami ikon gudanar da harkokinta na cikin gida, da majalisarta da gwamnatinta. Yau babbar sana'arta karɓar baƙi 'yan yawon buɗe ido, fiye da miliyan ɗaya a shekara. Abin da suke zuwa gani kuwa shi ne tsofaffin abubuwan da aka adana, watau magudanan ruwan nan, da ragowar kurmin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1999, da tsiren nan da gurasar nan. Duk da haka, da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, tsibirin ya sake ɗanɗana ɗacin dogara ga sana'a guda.

A ƙasar Katagum kuwa sababbin sarakuna sun fito. Riɗi na tafiya ƙasashen waje, kankana na cika motoci zuwa Kudu, shinkafa ta mamaye fadamu. Babu laifi a nemi kuɗi, manomi ma yana da kuɗin makaranta da na magani a wuyansa. Laifin shi ne a sayar da gona gaba ɗaya ga farashin da ake yankawa a wata ƙasa, sa'an nan da bazara a fito kasuwa ana awon geron da ya ninka kuɗinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Magidanci ya fara cika rumbu kafin ya waiwayi dillali, ya kuma riƙe irin gero da dawa da wake na gargajiya da suka saba da ƙasarsa. Masu unguwanni da dagatai su tsaya a kan hana saran kuka da ɗorawa da tsamiya, domin mutanen Madera sai da kurminsu ya ƙare suka san darajarsa. Hukumomin aikin gona su dubi ruwan kogin Jama'are, wanda ke cinye gonaki da gidaje da damina, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta 2024, sa'an nan ya bar mutane da ƙishi da rani. Mutanen da suka ratsa dutse da diga suka raba ruwa da awa ba su fi manoman Shira ƙarfi ba, tsari kawai suka fi su.

Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare su ma suna da nasu rabo. Ya kamata su tura ɗalibai ƙauyuka su zauna gaban tsofaffin mata, su rubuta yadda ake daddawa da nakiya da burabusko, da sunayen irin hatsi da ganyayen da ake ci lokacin yunwa, tun masu sanin suna raye. Zanen duwatsun Shira shi ma yana bukatar mai gadi da hanya da kuma malamin da zai kai yara su gani. Harshen Shirawa ya tafi ne a hankali, ba wanda ya yi shelar tafiyarsa, sai da aka waiwaya aka ga babu. Ilmin tukunya ma haka yake tafiya idan dunƙulen kanti ya kori daddawa, taliyar leda ta kori dambu.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika rumbuna, ya kuma ba shugabanni ikon duba na ƙasa da su, amin.